Wuri Shida da Zare Mai Ƙulli: Ta'aziyyar Yaya Rabi

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin ranar Talata, 14 ga watan Rajab, 1446, daidai da 14 ga Janairu, 2025, Allah Ya karɓi ran Rabi'atu Zali, wadda duk unguwar Tandabawi da ke Makka ke kira Yaya Rabi. Ta rasu a ɗakinta, a kan sallayarta, ba tare da ta yi jinya ba. An sallace ta a Harami bayan Azahar, aka kai ta maƙabartar Shara'i. Ta bar jikoki biyu, Nawaf da Shaima, 'ya'yan ɗanta Mukhtaru wanda ya riga ta tafiya tun suna ƙanana, ita ce ta raine su.

Ina Jidda wajen 'yata da ta haihu aka bugo mini. Kafin in sami mota in iso, an gama komai. Ban ga fuskarki ba, Yaya Rabi, kuma har yanzu abin yana ci mini rai.

Ba ni ya kamata in rubuta wannan ba. Kin san ni, bakina ya fi alƙalamina kaifi, kuma ke ce kullum mai taka mini birki. Amma tun ranar da kika rasu ake yawo da wata magana a kanki, ta fita daga Tandabawi ta kai Jarwal, ta ƙetare teku ta kai Kano. Ana cewa an tarar da kayan duba a akwatinki. Ke ba ki da bakin kare kanki yanzu, ni kuwa ina da shi. Don haka duk wanda kunnensa ya ji waccan, ina roƙonsa ya daure ya karanta wannan har ƙarshe.

Ina amarya na san ki. An kawo ni daga Kano gidan mijin da aka haifa a Jarwal, wanda Hausarsa ba ta wuce gaisuwa da tambayar abinci ba. Ban san kowa ba, ban jin Larabci, kullum ina bakin taga ina kuka. Wata rana kika turo ƙofa ba ki jira izini ba, kika dube ni sama da ƙasa kika ce, "Ke ce Asma'u? Share fuskarki ki ɗauko mayafi, za ki koyi kasuwa." Ke kika koya mini yadda ake taya kaya ba tare da an cuce ni ba. Ke kika yi mini wankan jego a haihuwata ta fari, da ruwan da har yau in na tuna zafinsa sai na ɗaga ƙafa. Ba ni kaɗai ba ce. A unguwar nan akwai mata da yawa, wasu yanzu da jikokinsu, da uwayensu suna nesa lokacin da suka haihu, ke kika tsaya musu.

A shekarun da kike soya ƙosai a Jarwal lokacin aikin Hajji, mun sha yi miki tsiya cewa ba mu taɓa ganin mai sana'a irinki ba. Da zarar kin hango tsohuwa ta ɓata tana waige-waige da jakar wuya, sai ki bar kasko a kan wuta ki kama hannunta, sai kin kai ta masaukinta. Ki dawo ki tarar ƙosai ya zama gawayi, ki hau faɗa da mu da ba mu kwashe ba. Faɗa kam kina da shi, ba zan yi miki ƙarya don kin mutu ba. Shayinki kuma bai taɓa yin daɗi ba, muna sha ne kawai don tsoronki.

Amma alherin da ya fi duk waɗannan shi ne wanda ba kowa ya sani ba, kuma shi ne yau ya zama abin zarginki.

Ina da yaya, Hure, uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya. Ta zo aikin Hajji da mijinta shekaru masu yawa da suka wuce, suka zauna ba takarda, yana ɗan aikin gini tana wanki da guga. Da ya rasu ta dawo ɗakin bayan gidana. Ciwon suga ya yi ta cin idonta a hankali har ya gama da shi. Mai ido ma in ba shi da takarda a garin nan da dabara yake fita, balle makauniya. Hure ta daina fita, ta daina magana, daga baya ta fara ture kwano. Ta juya fuska ga bango. Na yi lallashi, na yi faɗa, na yi kuka, na kawo mai yi mata nasiha, duk a banza. Na riga na fara sallama ta a zuciyata.

Sai ga ki wata La'asar da wata tsohuwar jakar ƙyalle a ƙarƙashin abaya. Ba ki gaishe ta da jiki ba, ba ki ce ta yi haƙuri ba. Kika zauna a ƙasa, kika shimfiɗa wani ƙyalle mai rassa huɗu, kowane reshe an raba shi gida-gida da ɗinki. Kika kamo hannunta kika zuba mata wuri shida a tafi, kika ce, "Jefa."

Ta ce, "In jefa in ga me?"

Kika ce, "Wa ya ce ki gani? Yatsunki ma sun makance ne?"

Wasan barjis ne, wanda tsofaffin matan Makka ke yi a da. Kin ce wata dattijuwa da kika yi wa aiki a Jarwal kina yarinya ce ta koya miki, tun kafin a rushe gidajen a kafa otal-otal, kuma ita ta bar miki ƙyallen da wurin. Ana jefa wurin ne, a ƙirga nawa suka faɗi baki sama nawa suka kife, a matsar da ɗa gwargwadon haka. Abin da kika hango mu ba mu hango ba shi ne, wuri ba ya bukatar ido. Yatsa na taɓa shi ya san a buɗe yake ko a kife. Ranar Hure ta jefa ne kawai don ki rabu da ita. Washegari ta yi gardamar ƙirge. Kafin mako ya zagayo ta cinye ki, ta yi dariya har da tari, ta ce a kawo mata tuwo.

Daga nan kika shiga neman abin jefawa kamar mai neman magani. Zahar ɗin da aka saba, wato ɗan ƙashin nan mai ɗigo-ɗigo da ake jefawa a lido, bai yi mata ba, ɗigon ya yi ƙanƙanta. Sai kika koma tonon kasuwar tsofaffin kaya, da abin da alhazai ke bari a gidajen haya na Aziziyya in an watse, lokacin da kike zuwa shara. Kin kawo wani dogo mai fuska huɗu kamar guntun alli, kika ce irin na mutanen Indiya ne. Kin kawo na tagulla mai fuskoki da yawa, an sassaƙa masa lambobi da suka fara shafewa, wanda in an jefa shi sai ya gangara ƙarƙashin gado mu yi ta lalube. Akwai na katako da ake murzawa ya yi ta juyi kamar katantanwa. Akwai ƙasusuwan idon sawun rago, irin waɗanda yaran Makka ke wasan kubush da su a da, kika dafa su kika kankare, don kowane gefe daban yake a hannu. Kowanne kika kawo sai Hure ta juya shi a yatsunta ta yanke masa hukunci. Na tagullan ta ce mai girman kai ne. Ƙashin ragon ta fi so, ta ce shi ba ya ɓoye abin da ke ransa.

Gidajen ƙyallen kika bi su da zare mai kauri don su yi tudu. 'Ya'yan wasan kuma, da yake duk kamarsu ɗaya a hannu, kika ɗaura wa nata jan zare kika ƙuƙƙulla, don ta bambance nata da namu. Ina zaune kika yi ƙullin, da haƙori kika tsinke zaren.

Shekara da shekaru muna wannan zama, mu uku, tsakanin La'asar da Magariba. Kina da doka ɗaya da ba a taɓawa: in an jefa, ba mai kai hannu sai Hure ta shafa ta faɗi abin da ya fito. Ko ni da nake ƙanwarta na taɓa gwada juya wuri ɗaya da ɗan yatsa don tsokana, kika make mini hannu har ya yi ja. Kuma ba ki taɓa barin ta ci da gangan ba. Kin ce wannan raini ne. In ta cinye ki sai ki sha kunu, ki naɗe ƙyalle da ƙarfi, ki ce gobe ba za ki zo ba. Gobe kina nan tun kafin a idar da sallah.

Na san malamai sun yi magana a kan wasan zahar, ban zo in yi jayayya da kowa ba. Ke ma kin sani. Ko ƙwayar dabino ba a taɓa azawa a wasanmu ba, kuma ana kiran sallah kike kife hannu a kan ƙyalle ko da ke ce a gaba. In akwai laifi a ciki, laifin wasa ne, muna roƙon Allah Ya yafe mana mu duka. Amma tsakanin wasa da abin da ake jingina miki akwai nisan da bai kamata Musulmi ya tsallake shi da baki ba.

Masu tambaya suna cewa, in wasa ne me ya sa aka ɓoye? Ga amsa. Nawaf yaro ne mai riƙo da addini tun yana ƙarami, ke kika tarbiyyantar da shi haka, kina alfahari da shi. Yana saurayi ya taɓa karɓe lido daga hannun Shaima ya fitar da shi daga gidan. Kina kallo kika ƙyale shi. Daga baya kika ce mini, "Ba zan sa yaron nan ya zaɓa tsakanin abin da ya karanta da kakarsa ba." Da farko a gidana jakar take kwana. Sai wani jikana ya saka wuri ɗaya a baki, da ƙyar muka zaro shi, kika ce gidana ba wurin ajiya ba ne. Tun ranar kike tafiya da ita, ki tura ta can ƙasan akwati.

A wannan akwatin suka je neman katin zamanki da safiyar da kika rasu, don a sami izinin binnewa. Nawaf ya zazzage kaya a gaban Shaima da wata maƙwabciya da ta shigo taimako, jakar ta kwance. Ku da kuke karantawa, ku tsaya a inda yaron nan ya tsaya. An haife shi a Makka, bai taɓa ganin barjis ba, wasanninsu a waya suke. Abin da ya gani shi ne wuri, da ƙasusuwa, da tagulla mai lambobi, da ƙyalle mai gida-gida kamar hatimi, da jan zare a ƙuƙƙulle. Duk abin da aka taɓa gargaɗinsa a kai, ga shi zube a kan shimfiɗar kakarsa, gawarta tana ɗaya ɗakin. Ban ga laifinsa ba da ya tsorata. Wadda nake ganin laifinta ita ce wadda ta fita da maganar. Ba zan kama sunanta ba, ta san kanta. Kafin a kai ki Harami, muryarta ta riga ta shiga wayoyin mutane.

Ni ban san komai ba sai da na iso zaman makoki. Na tarar da ɗakin mata da sauran wuri, abin da ban taɓa zato ba a mutuwarki. Waɗanda suka zo ma sun rakuɓe kusa da ƙofa. Ana zagayawa da gahawa, matan da kika yi wa wankan jego da hannunki suna girgiza kai, wai sun ƙoshi. A gidanki, Yaya Rabi. Shaima, wadda ke kiranki Sitti, wato kaka, ta ja ni kicin, idonta ya kumbura, ta ce, "Khala Asma, billahi ki faɗa mini gaskiya. Sahih Sitti tana duba?"

Da ta kwatanta mini abin da aka gani, nan take na gane jakar wasanmu ce. Na ce ina jakar? Ta ce Nawaf ya zauna shi kaɗai ya kwance ƙullin ɗaya bayan ɗaya yana karanta Falaƙi da Nasi yana kuka, ya farfasa sauran, ya ƙone ƙyallen, don ya rage miki nauyi a kabari. Sannan ta faɗa mini abin da ya fi wannan. Ya ɗauki makararki, ya yi miki sallah, amma da aka zo saka ki aka ce jikanta ya sauka, sai ya ja da baya. Wasu maƙwabta ne suka karɓe ki suka kwantar.

Na fito na yi bayani a tsakiyar ɗaki, da ƙarfi, ba da ladabi ba. Wasu suka sunkuyar da kai. Wata ta ce a hankali, amma na ji, ai ƙawarta ce, me za ta ce? Nawaf kuwa ya saurare ni ta bayan labule, ya ce, "Jazakillahu khairan ya Khala, Allah Ya rufa mata asiri." Na gane bai yarda ba, ya ɗauka rufa miki nake yi.

Na so in ɓoye wa Hure, amma makaho ba a ɓoye masa murya. Da na gaya mata ba ta yi kuka ba. A rana ta uku ta ce in miƙo mata abayarta. Na ce Yaya, kin san ana tare mutane a hanya ana duba takardu, in aka tsayar da mu me zan ce? Ta ce, "In sun kama ni su mai da ni Najeriya, a can ma zan faɗa." Rabon da ta taka bakin titi har na manta. Muka bi lunguna tana riƙe da kafaɗata. Allah Ya tsare, muka isa.

Ta zauna a tsakiyar mata ta ce a kira mata Nawaf. Ya zo ya tsaya a bakin ƙofa. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Yaro, ni ce Hure, ba ka san ni ba, amma kullum ina jin labarinka. Kayan da ka fasa nawa ne. Zaren nan ni aka ƙulla wa, don in gane 'ya'yana a kan ƙyalle. A cikin wurin akwai ɗaya mai ɓalallen baki, a cikin ƙashin akwai wanda ya tsage aka cike shi da kakin kyandir. Haka ne ko ba haka ba?"

Ya ce, "Haka ne."

Ta ce, "Na so in mutu, kakarka ta hana ni da waɗannan. Iyakar sihirinta ke nan."

Ban taɓa jin namiji ya yi irin kukan da ya yi ba. Ya durƙushe a bakin ƙofar nan, a gaban mata, Hausa ta gudu daga bakinsa ya koma Larabci yana kiranki, ya Sitti, ya Sitti. Da ya ɗan samu numfashi ya matso ya ce, "Khala Hure, ma kuntu adri, wallahi ban sani ba. Ban sauka na karɓe ta ba. Kina ganin za ta yafe mini?"

Na zaci za ta ce masa ai ta yafe, kamar yadda kowa zai ce. Hure ba ta iya faɗin abin da ba ta sani ba. Ta laluba ta kamo hannunsa, ta daɗe tana shafa shi, sannan ta ce, "Ba zan amsa a madadinta ba. Amma hannun nan da ka hana ta, riƙe ni da shi ka mai da ni gida."

Shi ya kai ta, a hankali, har bakin gadonta. Ni ina biye da su ina kuka kamar ranar da aka kawo ni garin nan.

Tun daga ranar yake bi gida-gida a Tandabawi da Jarwal yana faɗa da bakinsa cewa shi ya yi kuskure. Amma maganar ta yi nisan da ƙafarsa ba za ta kai ba, shi ya sa na rubuta. Duk wanda ya tura waccan murya, nauyi ne a wuyansa ya tura wannan inda ya tura ta. Matar da kuka ci namanta tana kwance a ƙasar Makka, kuma za ku haɗu.

Yaya Rabi, La'asar ta zama mana abin tsoro. Da an idar da sallah Hure takan gyara zama ta juya kunne wajen ƙofa, sai ta tuna. Tana cin abinci, kada ki damu, ta ce ba za ta ɓata miki wahalarki ba. Ni ce dai ban san inda zan sa kaina ba. Ba ni da mai make mini hannu yanzu.

Ya Allah, ga baiwarKa Rabi'atu ta zo gare Ka. Ka fi mu sanin abin da ke cikin jakarta da abin da ke cikin zuciyarta. Ka gafarta mata, Ka yi mata rahama, Ka yalwata kabarinta Ka haskaka shi, kamar yadda ta shiga ɗakin da ya yi duhu ta zauna tare da mai shi. Ka wanke sunanta a bakin bayinKa. Ka haɗa ta da ɗanta Mukhtaru a Aljannar Firdausi, mu kuma in tamu ta zo Ka sa mu cika da imani.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Shaima, da dangin Zali na nan Makka da na gida Kano, da duk macen da ta taɓa jin ɗumin hannun Yaya Rabi. Allah Ya ba mu haƙuri, Ya girmama ladanmu. Kai kuma Nawaf, ta'aziyyarka daban ce, don kai kaɗai ka san abin da kake ɗauke da shi. Kabari sau ɗaya ake sauka cikinsa, wannan ya wuce, ba ni da abin da zan faɗa maka da zai dawo da shi. Amma addu'ar jika ba ta da ranar rufewa. Ka yi ta yi mata, ɗana, yanzu da ka san wadda kake yi wa.

Asma'u Ɗan'auta
Tandabawi, Makka